Kalma 300 a Rana ko Fitowa Biyu a Mako: Wane Ma'auni Ya Dace da Marubucin da Hidima Ta Yi wa Yawa?

Yawancin masu rubuta ƙagaggun labarai a Sakkwato ba rubutun ne ke ci da su ba. Wata malamar firamare ce a Mabera, wani yana tsaron shagon atamfa a babbar kasuwa, wata ma'aikaciyar jinya ce mai kwanan asibiti, wani kuma ɗalibi ne da kullum sai ya bi hanyar Dundaye zuwa Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Ga kuma uwargida mai yara huɗu, wadda ba ta zuwa ofis amma ta fi kowa rashin lokacin kanta. Duk suna da labari a ka, da yawansu kuma suna da littafi biyu ko uku da suka tsaya a babi na bakwai. In ka tambayi dalili, sai su ce lokaci. Ni kuwa a ganina, sau da yawa matsalar tana ga ma'aunin da suka ɗaura wa kansu. Sun yi alkawarin da ranarsu ba za ta iya ɗauka ba, da alkawarin ya karye sau biyu sau uku, sai suka yanke wa kansu hukuncin cewa ba su da himma.

Ma'aunan da marubuta suka fi kamawa uku ne. Akwai mai cewa kullum sai ya rubuta kalma kaza. Akwai mai cewa kullum zai zauna minti kaza, ko me ya fito ya fito. Akwai kuma mai barin lissafin rana ya kama na mako: kafin Juma'a ta zagayo sai ya gama fitowa biyu, wato guntayen labari biyu da kowanne ke faruwa a wuri ɗaya lokaci ɗaya, ko babi ɗaya. Kowannensu ya taɓa kai wani ga kammala littafi, kowannensu kuma ya taɓa kashe wa wani gwiwa.

Ƙidayar kalmomi ita ce ta fi suna, kuma ba a banza ba. Anthony Trollope, marubucin Ingila na ƙarni na 19, ya shafe fiye da shekara 30 yana aikin gidan waya, amma ya bar littattafan ƙagaggen labari 47. Yakan zauna rubutu ƙarfe 5:30 na asuba, agogo a gabansa, ya tilasta wa kansa kalma 250 a kowane minti 15, sannan ya shirya ya tafi aiki. A zamaninmu kuma an yi wani gangamin rubutu na watan Nuwamba da aka fara a Amurka a 1999, inda marubuta ke ƙoƙarin cika kalma 50,000 cikin kwana 30, wato 1,667 kowace rana. Ƙungiyar da ke shirya shi ta rufe a 2025, amma lissafin ya riga ya zauna a kan mutane, har ana ganin wanda bai kai dubu a rana ba kamar bai ɗauki abin da muhimmanci ba.

Abin da ya sa wannan hanya ta karɓu shi ne ba ta da kwana-kwana. Ko ka rubuta ko ba ka rubuta ba, lamba ba ta jin lallashi. Tana kuma faɗa maka lokacin gamawa: in littafin da kake hari kalma 60,000 ne, kana yin 300 a rana, kwana biyar a mako, to mako 40 kake buƙata. Mai shiga gasa kuwa ba shi da makawa sai da ita. Gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016 tana neman labari mai kalma 1,000 zuwa 1,500, kuma marubuciyar da hannunta bai san nauyin kalma 300 ba za ta zuba 2,500 sannan ta rasa inda za ta yanke.

Sai dai illar ƙidayar kalmomi babba ce, kuma duk mai karanta littattafan da ke yawo a WhatsApp ya ga illar ko bai san daga inda ta fito ba. Jaruma za ta shiga ɗakin Inna da magana mai nauyi a bakinta. Sai a yi ina kwana, a yi ya gajiya, a tambayi yara ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, a kawo ruwa, a dama fura, a yi zancen tsadar gero. Kalma 400 ta cika, marubuciya ta ajiye waya da kwanciyar hankali, alhali abin da ya kawo jarumar bai fito ba. Gobe kuma a bayyana leshin da ta sa, da kalar ɗankwali, da jaka, da takalmi, da ƙamshin humrar da ta shafa. Ba wai gaisuwa ko kwalliya ba su da wuri a labari ba ne. Gaisuwar da aka amsa a daƙile tana iya nuna ɓacin ran uwa fiye da shafi guda na bayani. Amma wanda ke gudun kada dare ya yi bai cika lambarsa ba, hannunsa yana tafiya ne inda kalmomi suka fi arha, kuma babu inda suka fi arha kamar gaisuwa da lissafin kayan ɗaki.

Illa ta biyu ita ce lamba ba ta san aikin gyara ba. Ranar da ka zauna ka goge shafi uku da ba su da amfani, ka ɗinke abin da ya rage, wataƙila ita ce ranar da ka fi yi wa littafin hidima, amma a lissafi ka ci baya. Mu a nan gyaran ma ya ninka. Mai tunani da Sakkwatanci yana rubutu da daidaitacciyar Hausa dole ya dawo ya bi layi-layi, ya ga inda harshen gida ya kutsa cikin bayanin mai ba da labari, ya kuma tabbata ya bar shi a bakin tsohuwar da ya kamata ta yi magana da shi. Ga ɓ da ɗ da ƙ da sauri yake sa a tsallake. Duk wannan aiki ne na sa'o'i, ƙidayar kalmomi kuwa ba ta ganin ko ɗaya.

Akwai kuma wani abu a labarin Trollope da masu kawo shi misali ba su cika faɗa ba. Shi da kansa ya rubuta cewa yana biyan wani dattijon baran gidansa ƙarin fam biyar a shekara don ya tashe shi ya kawo masa gahawa. Wato akwai wanda ke tsare masa asubarsa. Uwargidan da ke Runjin Sambo ita ce mai tayar da kowa, ita ce mai ɗora ruwan shayi da na wankan yara. In ta ɗauki ma'aunin mutumin da ake yi wa hidima ta ɗora a kan ranar mai yi wa mutane hidima, zai karye, kuma laifin ba nata ba ne.

Wanda duk da haka ya zaɓi wannan hanya, to ya daina taifin kai tsaye a akwatin saƙon WhatsApp, domin ba ya ƙirga kalma. WPS Office da Google Docs duk suna ƙirgawa a waya. Ya kuma sa lambar ƙasa sosai, wadda zai iya cikawa ko a ranar da ya dawo a gajiye. Ɗari biyu da ake cikawa ta fi dubun da ake bin bashinta.

Hanya ta biyu, ta ƙidayar lokaci, ta fi zama daidai da yadda ranarmu take a yanke. Salloli biyar sun riga sun raba mana yini, ba ma buƙatar agogo ya tuna mana. Mai cewa "bayan Asuba da azkar, minti 30 na littafi ne" ya ɗaure rubutunsa a jikin abin da ba ya tsallakewa. Wannan ya fi ƙarfi nesa da cewa "zan yi in na samu sarari", domin sarari ba ya zuwa da kansa a gidan Bahaushe. Toni Morrison, Ba'amurkiyar da ta ci kyautar Nobel a 1993, ta faɗa cewa rubutun kafin fitowar rana ya samo asali ne daga lokacin da take da ƙananan yara, babu wani lokacin da ya rage mata sai wannan.

Kyawun wannan hanya shi ne tana karɓar kowane irin aiki. Yau sabon rubutu, gobe gyara, jibi zama kawai ana warware yadda za a yi jarumi ya gano gaskiya ba tare da ya tsinci wasiƙa a ƙarƙashin katifa ba. Duk ana lissafa su. Kuma abin da kake aunawa yana hannunka. Ba kai ke da iko da ko jimloli za su zo da gudu yau ba, amma kai ke da iko da ko za ka zauna.

Inda take rauni shi ne wayar da ake rubutun da ita ita ce kuma ƙofar duniya. Ka buɗe don rubutu, sai ga saƙo a zauren dangi an yi haihuwa, ga na wurin aiki, ga na tsofaffin ɗalibai, kafin ka ankara minti 30 sun zama barka da Allah ya raya. Maganin ba shi da wuya: a kashe data kafin a fara, ko a koma littafin rubutu mai shafi 80 da biro, a yi taifin daga baya. Rauni na biyu ya fi ɓoyuwa. Mutum zai iya shekara yana zama kullum yana goge shafin farko yana sake shi, lissafinsa cike, littafinsa bai motsa ba. Lokaci shi kaɗai ba ya faɗa maka ko kana gaba. Sannan ba kowa ne ke da sa'a guda tabbatacciya ba. Ma'aikaciyar jinyar da ta sauko daga aikin dare ba ta da wata Asuba ta rubutu; barci ne haƙƙinta. Mai jego ma haka.

Hanya ta uku ita ce na fi son a tsaya a kanta, domin ba a cika zancenta ba, kuma ita nake ganin ta fi yi wa mafi yawanmu adalci. A nan abin aunawa shi ne fitowa, wato guntun labarin da ke faruwa a wuri ɗaya lokaci ɗaya, wanda in ya ƙare wani abu ya sauya. Kawu ya zo ya sanar da cewa an ba da ita. Ta je kasuwar Kara neman ɗan'uwanta ta tarar ya bar gari. Ya shiga ofis da takardar ajiye aiki a aljihu ya fito bai miƙa ba. Kowace ɗaya aiki ce mai kai da gindi. Sai ka ce wa kanka: fitowa biyu a mako. Ko ka yi su ranar Talata da Alhamis, ko ka haɗa su Asabar da hantsi, ko ka tsinci rabi a cikin Keke Napep rabi a layin banki, duk ɗaya ne.

Lissafin ma yana fita. In fitowa tana kai kalma 1,200 a tsakaice, littafi mai kalma 60,000 fitowa 50 ke nan, biyu a mako kuwa mako 25. Amma babban alfanun ya wuce lissafi. Fitowa ba ta cika sai abin ya faru, don haka gaisuwa ba ta biyan bashi. In Kawu bai faɗi abin da ya kawo shi ba, ba ka gama ba, ko ka zuba kalma 2,000. In kuma ya faɗa cikin kalma 600 masu kaifi, ka gama, ka tashi. Wannan ma'auni yana tura hannu wajen labari. Yana kuma ba ka abin ɗauka a ka: mai shago da ya san fitowar wannan makon ita ce rigimar rabon gado zai iya juya ta a zuciya yana auna yadi, ya ji yadda wata mai ciniki ta mayar wa 'yar'uwarta magana, ya adana. In ya zauna da dare, zubawa kawai zai yi.

Wannan hanya tana da sharaɗi, ba kuma ƙarami ba. Dole ka san fitowar da ke gaba. Wanda ya saba fara labari da sunan jaruma da kyawunta kawai, yana jiran labarin ya nuna masa hanya, zai ga wannan ma'auni ya yi masa tsauri. Ba sai an tsara littafin duka ba. Ya isa a ɗauki takarda ɗaya a rubuta fitowa goma masu zuwa, kowace layi ɗaya: wa ke ciki, me yake so, me ya sauya. In an ci bakwai a ƙara wasu. Abin da nake ganin wajibi ne shi ne sanin ƙarshen labarin tun da wuri, ko da a dunƙule, domin yawancin littattafan da suka tsaya a tsakiya sun tsaya ne a daidai inda marubucin ya gane bai san inda za shi ba.

Haɗarinta kuma sananne ne: mako yana da faɗi, mai jinkiri zai tura komai zuwa Lahadi da dare, ranar kuma a yi rasuwa a unguwa ko baƙi su sauka. Saboda haka nake ganin kada a bar ta ita kaɗai. A ara mata wani abu daga hanya ta biyu: a ware zama uku a mako da sunan rubutu, ana sa ran biyu su tabbata, na ukun na ko-ta-kwana ne.

To wa zai ɗauki wanne? Abin ya yi kama da zubin adashi. Mai tuyar ƙosai da kuɗi ke shigo mata kullum tana shiga na kullum; mai albashi yana shiga na wata; wanda ya shiga zubin da bai dace da yadda kuɗinsa ke zuwa ba shi ne ake bi har gida. Dubi yadda lokacinka yake shigowa. In kullum yana zuwa a sa'a ɗaya, kamar ma'aikacin sakatariya da ke da Asubarsa ko bayan Isha'insa, ƙidayar lokaci ta ishe ka, sai ka riƙa duba yawan fitowar da ka gama a ƙarshen wata don kada ka tsaya wuri ɗaya. In yana zuwa a gutsure, yau akwai gobe babu, kamar mai aikin asibiti ko uwargida ko ɗan kasuwa, kama mako da fitowa. Ƙidayar kalmomi kuwa ni a wurina ta ɗan lokaci ce: a ɗauke ta in gasa ta matso, ko in mutum ya san ciwonsa shi ne yawan gyara har ba ya iya ci gaba, yana buƙatar abin da zai kora shi gaba na wata ɗaya ko biyu. Ban ga hikimar riƙe ta shekara guda ga mai hidima ba.

Malaman makaranta da ɗalibai suna da wata dama ta daban, wato dogon hutu. Abubakar Imam yana koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina aka ɗauke shi zuwa Zariya a 1936, ya yi wata shida a can, a cikinsu ya rubuta Magana Jari Ce. An sauke masa aikin aji ne aka ce ya rubuta. Malamin yau ba mai sauke masa, amma hutun ƙarshen shekarar karatu yana nan. Wanda ya yi zangon karatu yana tara tsarin fitowa a takarda, hutu na zuwa zai iya zuba rabin littafi. Wanda ya jira hutun kafin ya fara tunanin labarin, makon farko zai tafi a hutawa, na biyu a neman bakin zaren.

Duk ma'aunin da aka zaɓa, kuskuren da ya fi yawa yana wajen lissafin shekara. Mutum zai ɗauki mako 52 ya ninka, kamar duk makonnin iri ɗaya ne. A Sakkwato ba haka suke ba. Daga Maris zuwa Mayu zafi yana haura digiri 40. A Afrilu da azahar waya tana zafi a hannu har ta riƙa gargaɗi, in babu wuta fanka ta tsaya, da dare kowa ya fito da tabarma tsakar gida, babu keɓewar da za a yi rubutu, cajin da ya rage kuma ana tattalinsa don kira. Wanda ya tsara wa kansa fitowa uku a mako a wannan lokaci ya shirya wa kansa ɓacin rai. Azumi kuma yana ja baya da kimanin kwana 11 kowace shekara. A 2024 da 2025 ya faɗo cikin Maris, ya haɗu da farkon zafin. A watan nan Asuba ta sahur ce, yamma ta girkin buɗa-baki da tafsiri, dare na tarawihi, goman ƙarshe kuma na tahajjud. Marubuta da yawa suna ajiye labaran soyayya gaba ɗaya har bayan Salla, kuma daidai ne. Abin da ya kamata shi ne a cire watan daga lissafi tun farko, kada a bar shi a ciki sannan a zo ana jin an gaza.

Ƙara da makon ƙaramar Salla da na babba, da bukukuwan da ake turawa kafin azumi, da zazzaɓin cizon sauro da ke kwantar da yara a ƙarshen damina, da makonnin jarrabawa da makin takardu ga malamai. In ka cire duka, abin da zai rage maka bai cika wuce mako 35 zuwa 40 ba, a gidan da ke da yara ma yana iya gazawa. Hunturu shi ne kakar marubuci a nan: daga Disamba zuwa Janairu dare yana da tsawo, ana shiga ɗaki da wuri, jiki yana ɗaukar zama. A nan ya kamata a ɗora nauyi, a sassauta a bazara, a bar bazarar ga gyara da karatu, waɗanda ake iya yi a gutsure.

Ko bayan wannan, a ƙara rara. A 1994 wasu masana halayyar ɗan Adam a Kanada sun tambayi ɗaliban jami'a kwana nawa zai ɗauke su su gama kundin kammala karatu. A tsakaice suka ce kusan kwana 34. Da aka bi su, sai da suka kai kwana 55 da ɗoriya. Ba ƙarya suka yi ba. Mutum in yana tsara gaba yana hango aikin ne kawai, ba ya hango ciwon haƙori da tafiyar gaisuwa Gwadabawa. Hanyar kauce wa wannan ita ce ka daina tambayar kanka nawa za ka iya, ka duba nawa ka yi. Yi mako biyu ko uku kana rubuta abin da ka gama da gaske, ba tare da ka sa wa kanka buri ba. Abin da ya fito shi ne ma'auninka. In lissafi ya ce wata shida, faɗa wa mutane tara.

Wannan ya kawo mu ga zaɓin da ya fi kowanne tsada ga masu sakin labari a WhatsApp, Wattpad ko ArewaBooks: a riƙa rubutawa ana saki, ko a gama sannan a fara? Sakin yau da kullum yana da daɗinsa. Sharhin masu karatu yana ƙara kuzari, kuma akwai marubutan da ba don ana jiransu ba da ba su taɓa kai ƙarshen littafi ba. Amma daga ranar da ka saki shafin farko, ma'aunin ya bar hannunka. Kwana biyu ba a ji ki ba, saƙo zai fara shigowa: "Anti lahiya? Yau kwana ukku ba ki sako muna ba." Mai tambayar da ƙauna take yi, amma ba ta san yaro na kwance ba. Sai ki zauna ƙarfe ɗaya na dare ki zuba abin da ya samu, abin da ya fita kuwa ya fita. In a babi na 30 kika gane cewa da kishiyar ba ta mutu a babi na 12 ba da labarin ya fi ƙarfi, babu komawa. Masu karatu ma suna jan labari: su ce a hukunta wane, a haɗa wance da wane, marubuci mai gajiya kuma yana bi.

In littafin na kuɗi ne, abin ya tashi daga buri ya koma amana. Wanda ya karanta shafukan kyauta ya tura kuɗinsa ya sayi cikakken labari ne, kuma barin sa a tsakiya haƙƙi ne a wuya. Don haka ga mai hidima da yawa ban ga dalilin karɓar kuɗin kowa ba kafin a rubuta aƙalla kashi biyu cikin uku, sauran kuma a san inda ya dosa. Ko na kyauta ne, kada a fara saki sai da ajiyar mako huɗu a hannu, a kuma yi alkawarin abin da bai kai saurin rubutun ba. Mai gama fitowa uku a mako ta ce za ta riƙa saki sau biyu, Litinin da Alhamis misali, rarar tana shiga ajiya. Ranar da biki ko jinya ta cinye mako, masu karatu ba za su ma sani ba.

Ajiyar nan kuma kada ta zauna a waya ɗaya. Waya tana faɗawa ruwa, ana sace ta, tana mutuwa a wurin mai caji. Duk fitowar da aka gama a tura ta imel ko Google Drive a ranar, ko a tura wa wata 'yar'uwa amintacciya. Hutun azumi kuwa a sanar da shi tun Sha'aban bai raba ba, a faɗi ranar tsayawa da makon dawowa bayan Salla, sannan a tsara saki yadda hutun zai faɗo a ƙarshen wani babi, kada a bar jaruma a ƙofar kotu har kwana 40.